Ƙota da Ƙarfe

Ku zauna ku ji, domin na gaji. Shekara da shekaru maganar nan tana yawo a bakin mutane daga Tamawa har Dutsin-Ma, wai Iro ya ɗaure yayansa saboda bindiga. Na ji ta a kasuwa, na ji ta a zaman makoki, har ranar sunan wani jikana na ji wata tsohuwa tana raɗa wa 'yar'uwarta ita a bayan zana, a zatonta kunnena ya mutu. Kunnena lafiyarsa lau, bakina ne aka ɗaure. Wanda ya ɗaure shi kuwa, Yaya Audu, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa, Inna ma ta daɗe a ƙasa, saboda haka alkawari ya sauka daga wuyana. Ku 'ya'yana da kuka daina taka gidansu, da 'ya'yansa da ke kau da kai in sun hango ni, duk ku buɗe kunne. Ba gafara nake nema ba. So nake ku san yadda aka yi.

Babanmu Tanko maharbi ne. Da ya rasu ya bar mana gona biyu, da jaki, da bindiga adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ba mu yi ko musu ba wajen rabo. Yaya ya ɗauki fadama da jaki, daga baya ya koma Dutsin-Ma yana dillancin awaki da tumaki, sana'ar da ba ta da jari sai amana. Ni na ɗauki gonar gindin dutse da bindigar, domin waɗannan biyun ba su rabuwa. Ku da kuka tashi kuka tarar dutsen nan fayau ba za ku gane ba. A zamanin, birai ne a kansa kamar kasuwa ta ci, kuma ba ƙananan nan masu tsalle-tsalle ba, gwaggon biri nake gaya maku, mai haƙori kamar na kare. Akwai wani ƙato mai furfura a kafaɗa da muke ce wa Mai-haraji, don shi ke fara saukowa ya duba amfani kafin ya kira jama'arsa. Da dawa ta fara zuba ido, in ba su ji ƙarar bindiga da warin albarushi ba, to ka yi masu noma ne. Gonar nan kuwa ita ce cikinmu, ni da Inna da uwarku Dije. Ba mu da wata.

Tun Baba yana raye aka yi shela cewa duk mai bindiga ya kai ta a buga mata lamba. Ya kai, wani ma'aikacin En'e ya sa ƙarfe a wuta ya ƙona lambar a jikin ƙota, wato itacen da ake dafawa a kafaɗa. Bayan rasuwarsa muka je aka mai da lambar da sunana, kuma kowace shekara ina zuwa a sabunta mani lasin. Ban taɓa fashi ba, wannan ku riƙe shi. To a bazarar shekarar da ake ta hayaniyar zaɓe, ana cewa Turawa sun kusa tafiya, na sauko da bindigar daga inda nake rataye ta don in shafa mata mai, sai na tarar gara ta bi bango ta shige ƙotar ta cinye cikinta. Na danna da ɗan yatsa, ya lotsa. Me manomi zai yi? In ƙotar hauya ta lalace, wa ya taɓa zuwa gidan hakimi neman izini? Masassaƙi ake kai wa. Na kai wa Ɗan-Ila, ya sassaƙa mani sabuwa da icen ƙirya, ya zaunar da ƙarfen daram, na ɗauko abata ina murna. Tsohuwar na jefa ta cikin itacen girki. Wallahi ko sau ɗaya lambar nan ba ta faɗo mani a rai ba, kuma da za ku tambayi maza goma a garinmu a ranar, duk abin da za su yi ke nan. A wajenmu ƙarfe shi ne abu, itace ana sakewa.

Dije ta ɗauko tsohuwar ƙotar za ta tura a murhu, Inna ta daka mata tsawa.

"Kul! Ajiye nan. Ba ki ga hannun mai gidan a jiki ba?"

Gaskiyarta. Inda Baba yake riƙewa ya yi sulɓi ya yi ɗan kwari, inda yake ɗora kunci ya yi baƙi. Idon Inna ya fara rauni a lokacin, amma hannunta yana gani. Ta kakkaɓe garar, ta shafe itacen da man shanu, ta kai ɗakinta.

Sai na tsaya na gaya maku wani abu game da Inna da Yaya, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kanku ba, ku 'yan zamani da kuke kiran 'ya'yanku na fari da suna kuna goya su a gaban surukai. Yaya Audu ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba, ba ta taɓa miƙa mashi ko ƙosai da hannunta ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma tata ta fi ta kowa tsanani. "Wancan" take ce mashi, da ya koma Dutsin-Ma ya zama "mutumin can". Ni auta ne, a kan cinyarta na girma, ita ke cire mani ƙaya, shi kuwa daga nesa yake kallo. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni ƙaninsa ne, na san yadda idonsa yake yi. To ranar wata kasuwa ya zo gaishe ta ina gona. Dije ce ta ba ni labari. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki kamar kullum, ita ta juya tana kallon kaji. Can sai ta jawo ƙotar, ta tura mashi ita da hannunta har ta taɓa gwiwarsa.

"Itacen nan ya tare mani ɗaki," in ji ta, tana magana da kajin. "Mai jaki ya tafi da shi."

Dije ta ce Yaya ya sa hannu biyu ya ɗauke ta. Ya cire rawaninsa ya naɗe ta a ciki, ya tafi da kansa a buɗe, hula kawai. Abu ɗaya ke nan da uwarsa ta taɓa ba shi hannu da hannu tun da ya zo duniya. Ya kai ta Dutsin-Ma ya rataye a ɗakin kwanansa.

Damina ta yi kyau a shekarar, kaura ta tashi ta fi tsawon mutum a kan doki. Ta fitar da kai ke nan sai ga ɗan doka da jar dararsa, tare da ɗan aiken dagaci, wai an ce a bi gida-gida a duba bindigogi saboda siyasa ta yi zafi. Na ce bismilla, na ɗauko tawa da taƙama, ni mai lasin. Ya juya ta nan, ya juya ta can.

"Ina lamba?"

"Tana jikin tsohuwar ƙota," na ce. "Gara ta ci, na sake."

"To wannan ba ta da lamba ke nan."

"Kai, bawan Allah, bindigar Tanko ce! Duk ƙasar nan wa bai san muryarta ba?"

"Ni murya aka aiko ni dubawa?"

Ya saɓa ta a kafaɗa ya ce mu haɗu gaban alƙali a Kurfi. Na bi shi har bakin gari ina faɗa, ku kun san bakina, har ɗan aiken dagaci ya riƙe mani riga ya ce in rufa wa kaina asiri. Da na juyo na ɗaga kai, sai ga Mai-haraji zaune a kan dutse ya zuba tagumi yana kallon komai.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana, ba zan ɗora mashi laifin da bai yi ba. Ya bar ni na zazzage cikina. Na ce Allah ya gafarta Malam, hauyar da nake noma da ita ta kakana ce, an sake mata ƙota ba adadi, ta taɓa zama hauyar wani? Gatari fa? Lauje fa? Jama'ar da ke zaune suka yi ta gyaɗa kai, har wani ya ce ƙwarai kuwa. Alƙali ya yi murmushi.

"Malam Iro, a gona gaskiyarka ce. Amma ni abin da aka aiko mani daga Katsina, bindiga ita ce abin da ke ɗauke da lamba. Ba ka ji an ce shari'a saɓanin hankali ba? Ƙotar tana nan?"

"Tana nan, tana wajen yayana a Dutsin-Ma."

"A kawo ta."

Na fito ina cewa ai magana ta ƙare. Na aika wa Yaya, ya zo da ita a naɗe cikin farin ƙyalle kamar wanda ya ɗauko jariri. Ashe da hannuna na haƙa ramin. Muhuti, wato malamin da ke rubutu a gefen alƙali, ya duba lambar ya ce ita ce, sannan ya ɗago kai ya ce to ga wata sabuwa. Ga bindiga mai lamba, da sunan Iro na ƙasar Kurfi, an same ta a hannun Audu a ƙasar Dutsin-Ma, shi ba lasin, kuma ba a nemi izinin kowa ba. Na ce wace bindiga, itacen da gara ta ci? Ya ce ai yanzu aka gaya maka. Suka karɓe ƙotar suka ajiye kusa da ƙarfen. Alƙali ya baje mana maganar dalla-dalla, ba ɓoye-ɓoye. In ni na ba Audu, na ba da bindigar hukuma ga wanda ba shi da izini, za a soke lasina, a kai ƙarfen maƙera a fasa. In wani ne a gidan ya ba shi, sai a kawo wannan mutumin ya tsaya nan ya amsa. In kuwa Audu ne ya ɗauka ba da izinin mai ita ba, to laifi nasa ne shi kaɗai, bindiga ta koma ga mai ita.

"To, yaya aka yi ta je hannunsa?"

Na buɗe baki, har "In" ta fito, sai na ji ƙafar Yaya a kan tawa. Ya taka ni takun da sai da farcena ya yi baƙi. Na haɗiye sauran. Alƙali ya dube ni, ya dube shi, ya ce mu je mu yi tunani, mu dawo bayan kasuwa biyu.

A gindin tsamiyar da ke bakin kotun Yaya ya shaƙe mani wuyan riga, abin da bai taɓa yi ba ko muna yara.

"Ashe ba ka da hankali? Inna za ka kira? Tsohuwar da ko zauren gida ba ta leƙawa, ita za a tsayar gaban maza, ɗan doka yana daka mata tsawa, a ce ta faɗi da bakinta wa ta ba? Ta faɗi sunana a gaban kotu? Ai gara ka haƙa rami ka binne ta."

"To sai in ce ni na ba ka. A fasa ta, kowa ya huta."

"Ku ci me? Dutse?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, birai ma suna nan. Ka ce ni na ɗauka."

"Yaya, ɗauri ne fa. Kai dillali ne, wa zai ƙara ba ka akuyarsa?"

"Na sani. Ni ne babba, na ce ka faɗa."

Na ce ban faɗa. Ya ce zan faɗa. Muka rabu ba sallama, shi ya yi kudu, ni na yi gida ina zage-zage ni kaɗai a hanya kamar sabon kamu.

Kwanakin nan da suka biyo baya ban ƙara ganin irinsu ba, kuma ba na fata. Zama ya gagare ni. In na zauna a gida sai in ji kamar ana karya dawa, in na je gona sai in ji kamar akwai wata dabara a gari da ban gwada ba. Na je wajen dagaci ya ce magana ta fi ƙarfinsa. Na bi maharba abokan Baba ina neman aro, kowa ya ce Iro ka yi haƙuri, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, yanzu ko ɗan cikina ba na ba bindiga. Na taka har Kuki wajen wani da aka ce yana da biyu, na tarar an karɓe ɗaya, ya rungume ɗayar. Na dawo ƙafa duk ƙaya. A gona kuwa biran sun gane. Da fari daga gefe suke ɗan tsinka, sai suka fara shiga tsakiya da rana tsaka. Na yi majajjawa har kafaɗata ta kumbura, na yi ihu har muryata ta dushe. In na kore su gabas sai su ɓullo yamma. Ba cin ne ya fi ƙona mani rai ba, ɓarnar ce, biri ya karya zangarniya ya gatsa sau ɗaya ya yar ya kama wata. Uwarku tana da tsohon ciki, cikinka ne Lawal, amma haka take jan jiki ta zo tana buga gwangwani. Su kuwa ba su tsoron mace ko kaɗan. Wata rana Mai-haraji ya tako har kusa da ita ya yage baki, ta faɗi zaune a kan kunyar gona, na zo na ɗaga ta.

Har wauta na yi. Na sa Ɗan-Ila ya sassaƙa mani itace mai siffar bindiga, na shafa mashi baƙin tukunya, na fito ina saɓe da shi ina tafiyar maharba. Na durƙusa na auna Mai-haraji. Ya dube ni, ya dubi itacen, ya sosa ciki, ya miƙa hannu ya karya zangarniya a gabana. Na yi jifa da itacen na ce, kai jama'a, biri ma ya san ƙarfe ne bindiga, hukuma ce kawai ba ta sani ba! Na zauna a kan kunya, dariya ta zo mani, kuka ya biyo ta.

Inna kuwa kullum sai ta tambaya.

"Auta, ban ji muryar bindigar nan ba bana."

"Tana wajen gyara, Inna."

"Wannan gyara ya daɗe."

Dije ba ta taɓa ce mani yi kaza ba, Allah ya ba ta Aljanna. Amma wata safiya tana tankaɗen ɗan abin da ya rage a rumbu, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Ni dai ban ce ka ɗaure Yaya ba, ban ce ka kai Inna ba. Na dai leƙa rumbu jiya, na ga ƙasansa."

Ana jibi komawa kotu na tafi Dutsin-Ma in ƙara roƙonsa. Na same shi a turken awaki yana mai da wa mutane dabbobinsu, yana damƙa wa kowa tasa, yana cewa tafiya ce ta taso mashi. Wato shi ya riga ya gama shiri. Na ce Yaya, ƙarya gaban alƙali fa? Ya ja ni gefe.

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Kai ka ba ni?"

"A'a."

"Na nemi izininka?"

"A'a."

"To iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Sauran ka bar mani. Kuma ka yi mani alkawari, muddin Inna tana numfashi, muddin ni ina numfashi, ba mai jin yadda aka yi. In magana ta fita, za ta koma kunnen hukuma, su zo su ɗauke ta."

"Mutane za su ce na ɗaure ka."

"Su ce. Ni za su ce ɓarawo. Kowa ya ɗauki nasa kayan."

Na dubi gemunsa da ya fara furfura, na tuna ƙasan rumbu, na tuna Dije zaune a kunya. Raina yana tafasa, ban san da wa nake fushi ba, da gara, da Katsina, ko da shi da ya fi ni gaskiya. Na ba shi hannu.

Ranar shari'a kotu ta cika, don labari ya bazu cewa 'ya'yan Tanko za su kara. Alƙali ya maimaita tambayarsa. Na miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, ƙotar a hannun Yaya take, kuma ba ni na ba shi ba."

"Ya nemi izininka?"

"Bai nema ba."

Aka yi salati a bayana. Wani ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya!" Alƙali ya juya wajen Yaya.

"Ni na ɗauke ta daga gidan," in ji Yaya, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Da hannuna na naɗe ta, da jakina na kai ta."

Alƙali ya gyara zama. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da likita ke yi wa mai ɓoye ciwo.

"Akwai wani a gidan nan naku da ba ku son ambata?"

Na kafa ido a tabarma. Alƙali ya ce tun da mai laifi ya amsa da bakinsa ba sai an rantsar da kowa ba, kuma ba zai iya yin ƙasa da abin da aka iyakance mashi ba, wata ɗaya a gidan yari a Katsina. Na tabbata dattijon nan ya gane. Da ɗan doka ya zo zai tafi da Yaya, Yaya ya tsaya ya dubi ƙotar inda take ajiye. Ba ni ya duba ba, ba matarsa da ke kuka a waje ba, itacen ya duba. Sannan ya wuce.

Suka ba ni ƙarfena da sharaɗin in mai da shi kan tsohuwar ƙota, tun da ita ce mai lamba. Sabuwar, lafiyayyar, suka riƙe. Na bi ta wajen Ɗan-Ila muka cusa ƙarfen cikin ruɓaɓɓen itacen, muka naɗe da ɗanyar fata don kada ya tarwatse mani a fuska. Ban ko shiga gida ba, na zarce gona. Rana ta karkata, suna ciki suna sha'aninsu. Na ɗura albarushi, na ɗaga baki sama, na ja kunama. Harbi ɗaya. Kafin hayaƙi ya washe ba ko wutsiya a gonar, Mai-haraji ne a gaba. Ban kashe ko ɗaya ba, a shekarar duka ban kashe ba. Abin da aka ɗaure mutum a kai ke nan, ƙara da wari. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dawar ya riga ya tafi, sauran ya tsira.

Na shiga gida na lallaɓa zan rataye ta, ashe Inna ta ji harbin tana zaune a ƙofar ɗakina tana jira.

"An gama gyaran? Kawo in ji."

Na yi kamar ban ji ba. Ta miƙo hannu ta bar shi a miƙe. Wa zai hana ta? Na ɗora mata a cinya. Ta shafa ƙarfen, ta gangaro kan fatar, yatsunta suka faɗa cikin kwarin nan na hannun Baba, suka tsaya cak. Ta shinshina, man shanunta ne a jiki. Na ga fuskarta ta sauya.

"Wannan ai na bayar da ita."

Dije ta saki muciya.

"Auta, yaya aka yi ta dawo? Ina Audu?"

Ni tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, Dije ma haka, ita kanta sai da ta dafe baki. Amma ba ta janye ba, ta sake faɗa da ƙarfi, tana laluben rigata.

"Ina Audu na ce!"

Na durƙusa na gaya mata. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta miƙo mani bindigar ta shige ɗaki. Aka yi girbi, rumbu ya ɗauka, kai Lawal aka haife ka cikin ƙoshi, uwarka tana da nono. Amma Inna ta ce ba ta sa dawar nan a baki sai wancan ya ci. Da kunun tsohon gero ta rayu har ya fito.

Ya fito an aske mashi kai ƙwal, ya rame, ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki kamar kullum. Ita kuma ta juya tana kallon kaji kamar kullum.

"Dije, a ba mutumin can tuwo."

Iyakarta ke nan. Ya ci, sannan ta ci. Dillanci kuwa bai ƙara komawa hannunsa ba. Wa zai ba ɓarawon bindiga akuya? Ya koma noman fadama da ɗan kiwo har ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa suka tashi ana yi masu gori, suka ɗora mani, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma na sha nawa, akwai masallacin da na daina zuwa saboda kallo. Kowace kaka ina kai mashi dami, yana karɓa, mutane suna cewa kunya ce ta ishe ni. Mu biyu muka san abin da muka sani. Saboda haka kai Lawal, da kai da ƙannenka, tuwon da ya tsayar da ƙashinku watan da Yaya ya yi a ɗaure ne kuka ci. Ku ɗauki ƙafa ku je Dutsin-Ma, zumunta a ƙafa take. Bindigar tana nan a ɗakina, tsatsa ta gama da ƙarfen, biran ma sun ƙare. Ku kwance fatar, ku cire ƙotar, ku kai wa babban ɗansa. Tasu ce, kakarku ta bayar.

A ranar da ya zo ɗin, bayan ya ci tuwo, na raka shi bakin gari. Ina ta neman abin da zan ce mashi na rasa, sai na ce, Yaya, da ba ka nan Inna ta faɗi sunanka. Ya tsaya.

"Kai, Iro, bar wasa."

"Wallahi. Har sau biyu."

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Yaya ta ce?"

Na faɗa mashi. Ya ce in sake, da irin muryar da ta yi. Na sake. Ya juya mani baya yana gyara igiyar jaki, igiyar da ba abin da ya same ta. Shi bai taɓa ji da kunnensa ba har ta rasu. Daga ranar, duk sa'ad da muka keɓe, a gona ko a hanyar kasuwa, har muka yi furfura, har ciwon da ya tafi da shi, sai ya waiga ya ga ba kowa, ya matso kusa.

"Iro, sake faɗa mani yadda ta ce."